Kurmi a Kan Falalen Dutse: Sharhi Kan Dashen Bonsai na Mapul

Hoton yakan ɓullo a Facebook ko TikTok: falalen dutse wanda bai wuce kamu biyu ba, a kansa bishiyoyi tara ko sha ɗaya a tsaye, ganyensu ja wur, ƙarƙashinsu gansakuka kore shar kamar an shimfiɗa darduma. Mafi tsayinsu da ƙyar za ta kai cinyar mutum. Nan take sai ra'ayi ya rabu. Wasu su ce roba ce. Wasu su ce wadannin bishiyoyi ne da aka ƙirƙiro a ɗakin gwaje-gwaje. Wasu kuma su yarda na gaske ne, amma su ɗauka daga jikin dutsen suke shan abinci, ko kuwa horon yunwa aka yi musu har suka tsumbure. Duk ba haka ba ne. Bishiyoyi ne irin na dawa, kuma dutsen ba ya ba su komai sai wurin zama da kyan gani. Abin da ƙasa take yi wa bishiyar daji, na riƙe ruwa da kama saiwa da kare ta daga zafi da sanyi, a nan mutum ne ya ɗora wa kansa, kuma aiki ne na kullum.

Ma'anar kalmomin

Bonsai kalma ce ta Japananci mai gaɓa biyu: bon, wato kasko ko faranti marar zurfi, da sai, wato shuka. Ma'anarta ke nan, shuka a cikin kasko. Ba sunan wata bishiya ba ne, sunan sana'ar ne da kuma abin da aka rena da ita. Saboda haka babu wani abu wai shi irin bonsai. Ƙwayar da ake tallatawa da wannan suna a kasuwannin intanet, idan ma ta gaske ce, ƙwayar bishiya ce kawai. A binne ta a gona, a ƙyale ta, za ta girma ta kai tsayin uwarta.

Mapul kuwa dangin bishiyoyi ne na ƙasashen sanyi, waɗanda masana tsirrai ke kira Acer. Ganyen da ke tsakiyar tutar Kanada na mapul ne. Biyu ne daga cikin dangin suka yi fice a bonsai. Ta farko ita ce Acer palmatum, wadda Japanawa ke kira momiji, mai ganye kamar tafin hannun jariri, da yatsu biyar ko bakwai ko tara. Ta biyu ita ce Acer buergerianum, 'yar asalin Sin, mai ganye da tsini uku, wadda aka fi sani da kaede a tsakanin masu bonsai. Dukansu suna zubar da ganye a lokacin sanyi, bayan ganyen ya rine ya koma ja ko ruwan goro ko rawaya.

Akwai salo uku da ake yawan cakuɗawa. Yose-ue shi ne dasa bishiyoyi da yawa wuri guda don su ba da siffar kurmi. Ishizuki shi ne dasa bishiya a jikin dutse, saiwarta duk tana kan dutsen, ba ta taɓa ƙasar kasko. Sekijoju shi ne wanda saiwa ke rungumar dutse ta gangara ta shiga ƙasar da ke cikin kasko. Abin da muke magana a kai ya haɗa na farko da na biyu: kurmi ne, amma a kan shimfiɗaɗɗen dutse maimakon kasko.

Sai batun lokuta. Shekarar Japan kashi huɗu ce: lokacin toho daga Maris zuwa Mayu, lokacin zafi da ruwan sama daga Yuni zuwa Agusta, kaka daga Satumba zuwa Nuwamba, sai hunturu mai sanyin ƙanƙara daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk aikin mapul a kan wannan jadawali yake tafiya.

Asalin sana'ar

Daga Sin abin ya faro, inda ake kiransa penjing, wato shimfiɗar ƙasa a cikin faranti. A kabarin Yarima Zhang Huai na daular Tang, wanda aka binne a ciki a shekarar 706, akwai zanen bango da ke nuna hadimai ɗauke da faranti mai 'yan duwatsu da tsirrai. Ke nan dutse da bishiya tare suka taso tun farko. Al'adar ta ƙetara Japan, har ta bayyana a naɗaɗɗen zanen Kasuga Gongen na shekarar 1309. Japanawa suka rage kwalliyar, suka mai da hankali kan ita kanta bishiyar.

Bayan girgizar ƙasar Kanto ta 1923, masu renon bonsai na Tokyo suka ƙaura zuwa Omiya, a jihar Saitama, suka kafa ƙauyen bonsai a 1925. Baje kolin Kokufu, wanda ya fi kowane daraja a sana'ar, an fara shi a Tokyo a 1934. A Omiya ɗin ne Saburo Kato, mai lambun Mansei-en, wanda aka haifa a 1915 ya rasu a 2008, ya yi suna wajen dashen kurmi da dashe a kan dutse, ko da yake shi ya fi shahara da wata bishiyar arewacin Japan mai ganye kamar allura da ake kira ezo. Kurmin da ya fi suna a wajen Japan shi ne Goshin na John Naka, Ba'amurke ɗan asalin Japan: bishiyoyi sha ɗaya, adadin jikokinsa, wanda ya bayar kyauta a 1984, yana ajiye a lambun bishiyoyi na ƙasa da ke Washington. Shi ma ba mapul ba ne, kuma a kasko yake, amma ƙa'idojin jera bishiyoyin ɗaya ne.

Me ya sa dutse, me ya sa mapul?

Kasko, komai faɗinsa, yana da baki, kuma bakin nan yana gaya wa ido cewa nan abin ya ƙare. Falalen dutse ba shi da wannan iyaka. Gefensa a kakkarye yake kamar gaɓar kogi ko bakin tsibiri, sai mai kallo ya ji kamar an yanko wani yanki na tsauni ne aka ajiye a gabansa. A Japan dutsen Kurama, na arewacin Kyoto, ya yi suna a wannan aiki saboda yadda yake ɓarewa da ɗan lanƙwasa kamar ɓawon ƙwarya. Ya yi wuyar samu, don haka yanzu da yawa na siminti ne da aka ƙera aka yi wa launi, wasu kuma suna amfani da duk wani falalen dutse mai duhu da aka samu a yankinsu.

Mapul kuwa ta dace da kurmi saboda jikinta siriri ne mai santsi, rassanta ƙanana, saiwarta kuma tana yarda ta bazu a kwance maimakon ta nutse. Sannan fuskarta huɗu ce a shekara: jan toho, koren ganye, jan kaka, da tsiraicin hunturu. Japanawa suna da al'adar fita kallon jan ganye a kaka, momijigari, kuma kurmin kan dutse wannan yawon ne aka taƙaita a kan benci. Sai dai masu ido a sana'ar sun fi son ganinsa a hunturu, lokacin da babu ganyen da zai rufa wa mai shi asiri.

Yadda ake haɗa shi

Aikin yakan fara shekaru kafin ranar dashe. Ana tara 'yan bishiyoyi masu shekaru daban-daban, wasu kaurin fensir, wasu kaurin babban yatsa, ɗaya ko biyu sun fi haka. An fi so a ce uwa ɗaya ta haife su, ko daga reshen bishiya ɗaya aka dasa su, domin ganyensu ya zo girma ɗaya, ya rine lokaci ɗaya. Tun suna ƙanana ake datse doguwar saiwar da ke nutsewa ƙasa, don su yi ta gefe. Wadda za ta zauna manne da 'yar'uwarta kuma a kan rage mata saiwa ta ɓangare guda.

Ranar dashe tana zuwa ne a ƙarshen hunturu, daidai lokacin da idon toho ya kumbura bai buɗe ba. Kafin a taɓa bishiya, dutsen ake shiryawa. Ko a huda shi a zura waya, ko a manna madaukai na waya da gam mai ƙarfi, a wurare da yawa fiye da yadda ake zaton za a buƙata. Waɗannan wayoyi su ne ƙasar da za ta riƙe bishiyoyin har su kama. Bishiyar da ke motsi idan iska ta kaɗa, sabuwar saiwarta tsinkewa take yi, ba za ta taɓa kafuwa ba.

Daga nan sai ganuwa. Tun da dutse ba shi da baki, ana gina masa da keto, wata baƙar laka ta fadama da ta samu daga ruɓaɓɓen ciyayin ruwa. A kan kwaɓa ta da garin wata ƙasa da ake kira akadama da yankakkiyar gansakukar fadama, a murza ta a tafin hannu kamar mai ginin tukunya, a kewaye wurin dashen da ita. Duk wanda ya san yadda mai lambu ke tada gefen fangali don tare ruwa ya gane dabarar. Ba a yin ganuwar da'ira ko miƙaƙƙiya. A kan bar ta ta shiga ta fita, a kuma bar wani sashe na dutsen fili, ba a rufe shi duka. A ƙasanta ana barin 'yan kafofi don ruwa ya tsiyaye.

Cikin ganuwar ana zuba akadama, wato ƙwayoyin jar ƙasar aman wuta da ake haƙowa a yankin Kanto, bayan an tankaɗe ƙurarta da rariya, sau da yawa a gauraya da tsakuwar dutse mai ramuka. Ƙasa ce mai riƙe danshi amma ba ta toshe iska. Kaurinta a kan dutsen 'yan santimita ne kawai, ta ɗan yi tudu a tsakiya.

Jera bishiyoyin shi ne inda gwaninta take. Babbar bishiya ake fara tsayarwa, ba a tsakiya ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon dutsen, a ɗan matso da ita gaba. Ta biyu a girma takan tsaya kusa da ita ko ta jagoranci wani ƙaramin rukuni a ɗaya ɓangaren. Sauran su biyo baya. Ba a barin uku su yi sahu ɗaya, ko ta gaba ko ta gefe. Ba a barin wata ta ɓoye bayan wata idan an kalla daga gaba. Tazara ba ta zama daidai wa daida: wasu biyu har jikinsu na gogayya, wata kuma ta ware can ita kaɗai, domin in tazara ta daidaita, gonar gandun daji aka yi, ba kurmi ba. Masu kauri a gaba, sirara a baya, sai ido ya ɗauka na bayan nisa ne ya ƙanƙantar da su. Na gefe sukan ɗan karkata waje, kamar yadda bishiyar bakin daji ke miƙa wuya neman rana. Adadin kuwa mara ne, biyar ko bakwai ko tara. Huɗu ana ƙyamarsa musamman, saboda lafazinsa a Japananci, shi, ya yi daidai da kalmar mutuwa.

In an gamsu da tsayuwar kowace, sai a ɗaure saiwarta da wayoyin nan, a cusa ƙasa tsakanin saiwoyi da tsinke har babu kogon iska, a lulluɓe ganuwar da gansakuka mai rai a kafe ta da 'yan ƙusoshin waya. Gansakukar ba ado kaɗai ba ce, ita ke hana ruwa zaizaye ginin. Sai a shayar, a ajiye a inuwa inda ba iska na 'yan makonni, ba taki.

Ruwa, rana da sanyi

Nan ne farashin dutse yake fitowa. Ƙasa kaɗan ce, a fili take ta sama da gefe, dutsen kuma yana ɗaukar zafi. A tsakiyar lokacin zafi a kan shayar sau biyu ko uku a rana, da butar ban ruwa mai ƙananan huji don kada ƙasar ta wanke. Keto kuma tana da hali: in ta bushe ƙayau sai ta ƙanƙame kamar tubali, ta tsage, ruwa ya riƙa zamewa ta kanta yana wucewa. Mai shi zai ga ya shayar, alhali ciki a bushe yake. Yini guda na sakaci a watan Agusta ya isa ya ƙone ganyen shekara.

Momiji asalinta bishiyar gefen kurmi da kwazazzabai ce. Tana son ranar safe da inuwar yamma. Rana mai tsanani da busasshiyar iska suna ƙona bakin ganyenta. Kaede ta fi ta juriya. Babu ɗayarsu da ke rayuwa a cikin ɗaki. A kan shigo da su kwana biyu ko uku don baƙi ko baje koli, a mayar waje.

A hunturu suna buƙatar sanyi don su yi barci, amma saiwar da ke kan dutse ba ta da bargon ƙasa, don haka a inda ƙanƙara ke tsanani a kan sa su a rumfa marar ɗumi. Taki kuwa, Japanawa sun saba da abura-kasu, wato tunkuzar da ta rage bayan an matse mai daga ƙwayar wani ganye dangin kabeji. A kan dunƙula ta ƙanana a ɗora a kan ƙasa. Ana bayarwa da awo: in ya yi yawa, ganye ya yi fatan-fatan, gaɓa ta yi tsawo, siffar kurmi ta lalace. Cikin abokan gaba akwai darɓa a kan sabon toho, da farar fumfuna a kan ganye idan iska ba ta ratsawa.

Aski

Abin da ke riƙe bishiyar a ƙanƙance shi ne aski da ƙarancin wurin saiwa, ba yunwa ba. Ganyen mapul bibbiyu yake fitowa, suna fuskantar juna. Da zarar toho ya buɗe, biyun farko sun bayyana, sai a sa hantsaki a tsinke ɗan tsiron da ke tsakiyarsu. Wannan ke gajarta gaɓa, ya sa reshe ya rabu biyu, biyun su zama huɗu a shekara mai zuwa. Rassan da suka juya cikin kurmi suna cakuɗewa a kan cire su, a bar masu kallon waje da sama, ta yadda duka bishiyoyin za su haɗu su yi rumfa guda. Babban yanka ana yinsa bayan zubar ganye ko a farkon lokacin zafi, domin in an yanka mapul gab da toho ruwan jikinta yakan yi ta tsiyaya. Waya kuwa ta alminiyom ake naɗawa, a kuma sa ido, don ɓawon mapul laushi gare shi, cikin 'yan makonni waya ke nutsewa ta bar tabon da zai daɗe.

Inda ra'ayi ya saɓa

Na farko shi ne zargin zalunci. Masu wannan ra'ayi suna ganin an tauye halitta an hana ta kai wa inda aka nufe ta. Masu sana'ar sukan amsa da shekaru: akwai bishiyar iyalin Yamaki na Hiroshima da ake renonta tun 1625, ta tsira daga bam ɗin da aka jefa wa birnin a 1945, tana cikin bonsai 53 da Japan ta ba Amurka a 1976, kuma har yanzu tana raye. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba ta ambaci ɗimbin waɗanda suka mutu a hannun 'yan koyo ba. Adalcin magana shi ne, aski ba ya cutar da bishiya, amma dogaron da aka ɗora mata a kan mutum na gaske ne.

Na biyu, dutse ko kasko. Masu kasko suna cewa mapul mai son danshi ce, ɗora ta a kan dutse neman wahala ne. Masu dutse suna cewa ruwa ba ya kwanciya a kansa, don haka ruɓewar saiwa ba ta cika samunsa ba. Kowa da gaskiyarsa. Abin da zai raba gardama shi ne yanayin garin mutum da kuma ko akwai mai shayarwa da tsakar rana.

Na uku, tsige ganye, hagari. A kan yanke ganyen bishiya a watan Yuni don ta fitar da sabo ƙanana. Kaede tana ɗaukar wannan. A kan momiji kuwa da yawa sun fi son a cire ɗaya daga kowane ganye biyu, ko a rage na waje kawai, saboda tsigewa gaba ɗaya tana raunana ta. A kurmi wannan ra'ayi na biyu ya fi ma'ana, tun da bishiyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Akwai kuma masu raina kurmi, suna cewa hanyar ratse ce, tun da da 'yan tsirrai masu araha ana samun abin kallo a yini ɗaya. Haɗawar ce mai sauri. Abin da ke biyo bayanta ya fi na bishiya guda wuya.

Abin da shekaru ke haifarwa

Cikin shekara biyu zuwa uku saiwoyin sukan sarƙe su zama tabarma guda, a cire wayoyin ɗauri. Daga nan kurmin ya zama jiki ɗaya, ba a raba shi. Sabunta ƙasa sai dai a yanko wani yanki daga gefe kamar yankan kankana, a cike gurbin da sabuwa, a bar wani yankin sai wata shekara. Ko a ɗaga tabarmar duka a rage ƙasanta a mayar.

Gasa kuma ba ta tsayawa. Na gefe da na sama suna samun rana, suna yin ƙarfi. Ƙanana na ciki suna shan inuwa, suna ramewa. In ba a matsa wa masu ƙarfi da aski an sassauta wa raunana ba, sirara za su yi kauri su kamo manya, ko na tsakiya su mutu ɗaya bayan ɗaya, yaudarar nisan nan ta tafi. In wata ta mutu, wasu sukan dasa madadinta, wasu su bar gurbin, tun da kurmin gaske ma yana da gibi.

Ko zai yiwu a ƙasar Hausa?

Da mapul, da wuya ƙwarai. Ƙwayar momiji takan so kusan wata uku cikin sanyi da danshi kafin ta tsiro, kuma bishiyar tana buƙatar barcin hunturu kowace shekara. In ba ta samu ba sai ta yi ta raguwa har ta mutu. Sanyin hunturunmu bai kai ba, ga bushewar iskarsa, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram. Jan ganyen ma sai an samu dare mai sanyi da rana mai haske a kaka yake fitowa.

Dabarar ce ke iya tafiya, ba bishiyar ba. Masu bonsai a ƙasashen zafi suna aiki da dangin ɓaure da tsamiya, a Afirka ta Kudu kuma har salon kuka suke da shi, da salon dangin gawo mai shimfiɗaɗɗen kai da suka sa wa sunan mai zane Pierneef. Dangin ɓaure da ceɗiya sun riga sun iya zaman dutse: a jikin duwatsu irin Kufena da Kwatarkwashi ana ganinsu sun cusa saiwa cikin tsaga suna rayuwa. Reshensu yana kamawa in an dasa, suna jure aski, lakar fadama kuma ba ta yi wuyar samu ba. Abin da zai ba da wahala shi ne gansakuka, wadda ba ta jure rani, da kuma shi kansa dutsen, wanda a ranar bazara yakan yi zafin da tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Wanda zai gwada sai ya tanadi rumfa, ya ƙara kaurin ƙasa fiye da yadda ake yi a Japan, ya kuma yi dashen a farkon damina.